Dolsoe Ya Juya Baya

"Kar ka shiga filin nan, Oppa... ina roƙon ka!"

A bayan rumfar shanu na tare saurayina Tae-gon, wanda nake kira Oppa, hannuna duk dusa. Ya zuge rigar sanyinsa ya nuna min ta ciki, baƙa mai rubutun ƙungiyarsu: A DAINA HAƊA SHANU FAƊA.

"Zama kawai zan yi a kan yashi, Na-rae. Dabba ba ta taɓa wanda bai tsokane ta ba."

"In ji wa? Kai ka taɓa riƙe igiyar sa a rayuwarka?"

"Shekara biyu muna ɗaga kwali a bakin ƙofa, wa ya kalle mu? Ke da bakinki kika ce min kuka kike duk ranar da kika fiƙe wa bijimin babanki ƙaho!"

Na faɗa, ba ƙarya ya yi ba. Na bar cin nama saboda shi, har Appa, mahaifina, yana kirana zomo. Amma ɗan birnin Seoul ɗin nan bai san bijiminmu Dolsoe ba. Tun yana maraƙi Appa ya koya masa tunkuyin kututture. Duk abin da ya gani a tsugune, kututture ne a wurinsa.

"Lahadi iyayenmu za su zauna kan maganar aurenmu," na ce. "Yau kuma wasan ƙarshe ne. Shekara bakwai Appa yana jiran ranar nan!"

"Ki yafe min, farin cikina." Ya sumbaci goshina, ya shige cikin 'yan kallo.

In gaya wa Appa? Zai sa a kama shi, aure ya mutu. Na ɓoye maganar kamar sakarya, na bi Appa cikin fili riƙe da bokitin dusa.

Aka buga ganga. Appa ya zare igiya daga hancin Dolsoe. Mai ɗayan san bai kai ga sakin nasa ba, sai ga Tae-gon ya tsallako shinge, ya zo tsakiya ya naɗe ƙafa ya zauna.

Fili ya ɗauki ihu.

"Kai, mahaukaci! Tashi!"

Dolsoe ya sunkuyar da kai, ya tona yashi da kofato. Na san wannan tonon. Ƙahon da na fiƙe da hannuna jiya yana saitin ƙirjin Tae-gon.

Ni na shayar da Dolsoe da kwalba bayan uwarsa ta mutu, kuma kira ɗaya ne bai taɓa ƙi ba. Na san doka sarai: bijimin da ya juya baya, shi ya faɗi wasa. Na kalli Appa, na kalli Tae-gon...

Na buga gindin bokitin sau uku.

"Dolsoe-ya! Abinci!"

Ya tsaya cak. Ya juya, ya taho wurina da gudu, ya tura hanci cikin bokiti. Alƙalin wasa ya hura usur.

Masu gadi suka ciccibi Tae-gon. Yana dariya, hawaye na zuba, yana ɗago min hannu.

"Na-rae! Kin gani? Bai taɓa ni ba! Shi ma ba ya son faɗan!"

Wayyo ni. Har cikin zuciyarsa ya yarda da haka, kuma a lokacin ma ina son sa, abin da ya fi ƙona min rai ke nan.

Appa ya iso a hankali. Bai yi tsawa ba, ai da ya yi da na ji sauƙi. Ya duba bokitin, ya duba ni.

"Kin san zai shigo?"

"Appa..."

"Kin sani ko ba ki sani ba?"

"Na sani."

Ya gyaɗa kai, ya zura igiya a hancin Dolsoe. Na miƙa hannu in karɓa, don tun ina 'yar shekara sha biyu ni ke jan sa zuwa mota, an ci ko an faɗi.

"Bar shi," in ji Appa. "Zan iya ni kaɗai."