Inuwar Hannun Baba

"Lafiyarsa ƙalau fa, Naomi."

Stephen ya juya tabulet ɗin ya turo mata ta kan teburin shagonsa. Bidiyo yana ta tafiya a kai, haskensa garau, ko ƙiftawa bai yi ba.

"Ba lafiyarsa ƙalau ba! Da idona na gani. Baba yana cikin kallo sai hasken ya dushe, can ya dawo fal, can kuma ya sake dushewa..."

"Kwanansa biyu a wurina. Na duba batir, na canza caja, na kunna bidiyoyina sun fi ashirin. Ko sau ɗaya bai yi min ba."

"Ka kunna na Mama?"

"Kin san ba na buɗe abin mutane."

"To ƙarya nake yi ke nan?"

Ya yi murmushi, irin wanda ke ƙara mata haushi in tana son su yi faɗa. "Yaushe na ce haka, Malama?"

Naomi ta zauna kan bencin masu jira ta ɗora jakarta a cinya. Daga makaranta ta zarce nan Gyaɗi-Gyaɗi, har yanzu da alli a gefen siket ɗinta. A waje 'yan adaidaita sahu suna ta kiran masu zuwa Unguwa Uku.

"Ba ka ga yadda yake yi ba ne," in ji ta, muryarta ta yi ƙasa. "Da hasken ya tafi sai ya ajiye shi a cinya ya yi shiru. Ranar Laraba ko abincin rana bai ci ba. Abin nan kaɗai ya rage masa na Mama, Stephen."

Ya zagayo ya tsaya kusa da ita.

"Ki kai ni in gani a hannunsa."

Ta ɗago da sauri. "Gidanmu?"

"Gidanku. Ciwon da ba ya tashi sai a gida, a gida ake duba shi."

"Stephen..."

"Gyara zan je yi. Ba zan ce komai ba, na yi miki alkawari. Ko da yake Kawu Audu ya sake kirana daga Fankshin. Ya ce wai yarinyar nan tana nan kuwa, ko ni na ƙirƙiro ta?"

Ta so ta yi dariya, amma ba ta fito ba.

Shekararsu uku tare. A ƙungiyar mawaƙa ta coci suka haɗu, shi yana kaɗa jita, ita tana cikin masu amshi. Har sun fara maganar ya turo manyansa sai Mama ta kwanta ciwo, wata biyar tana fama, Ubangiji ya ɗauki abarsa. Yau shekara ɗaya da rabi ke nan. Yayanta Peter yana can Legas da iyalinsa, gidan ya rage daga ita sai Baba Habila. Duk lokacin da ta ɗauko zancen Stephen, sai Baba ya tuna bai sha maganinsa ba, ko ya tambaye ta an kawo ruwa a famfo. Da ta ga haka sai ta daina.

"Ka ƙara haƙuri, masoyina," ta ce. "In na tafi wa zai zauna da shi?"

"Ban ce na gaji ba. Ko shekara goma ce ina nan. So nake kawai in san akwai ranar da nake jira."

Ta ɗauki tabulet ɗin ta saka a jaka.

"Asabar, da la'asar," ta ce ba tare da ta dube shi ba. "Lokacin yake kallo."

Ranar Asabar Stephen ya iso Tarauni ƙarfe huɗu daidai, ya sa riga mai dogon hannu da ta sha guga, da 'yar jakar kayan aikinsa. Naomi ta lura har aski ya yi. Ta harare shi a bakin ƙofa, ya yi kamar bai gani ba.

Baba Habila yana zaune a baranda kan kujerarsa ta katako, wadda yake zama a kai tun da ya bar aikin gwamnati. Stephen ya durƙusa har ƙasa.

"Barka da yamma, Baba."

"Barka kadai. Kai ne mai jitar nan?"

"Ni ne, Baba."

"Ashe har gyara kana yi." Baba ya dube shi ta saman tabarau. "To zauna. Naomi, kawo masa ruwa."

Da ta dawo da ruwan ta tarar Stephen ya ƙi hawa kujera, yana zaune kan dakalin baranda gefen ƙafar Baba.

"Ku kunna yadda kuka saba, Baba," in ji shi. "Ku riƙe shi yadda kuke riƙewa kullum. Ni kallo kawai zan yi."

Baba ya gyara tabarau ya taɓa bidiyon. Naomi ta jingina da ƙofa ta kawar da kai. Ta san farkonsa, amma ba ta taɓa iya kai shi ƙarshe ba. Baba ne ya ɗauka da kansa a wannan barandar, mako biyu kafin a mayar da Mama asibiti.

Muryar Mama ta cika tsakar gidan.

"Habila, ka daina ɗaukata haka! Ka ga ko ɗaurin ɗankwalina bai zauna ba..."

Ga ta nan a kan tabarma da faranti a cinya tana tsince wake, ta rame amma tana dariya har tana kare baki da bayan hannu. Baba ya yi murmushi. A hankali ya ɗaga hannunsa na hagu ya kai saman gilashin, yana shafa wurin ɗankwalin kamar mai son gyara mata shi.

Hasken ya fara ja baya. Fuskar Mama ta yi duhu har sai an ƙura ido ake ganinta.

Baba ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa wuta. Bayan ɗan lokaci hasken ya dawo.

"Ka gani ko?" in ji Baba. "Kullum haka take yi min."

Stephen ya matso. "Baba, don Allah ku sake sa hannun inda kuka sa ɗazu."

Baba ya sa. Hasken ya dushe.

"Ku ɗauke."

Ya dawo.

"Ku duba nan sama, kusa da kyamara. Kun ga wani ɗan ɗigo baƙi? Ido ne. Aikinsa ya auna hasken wurin da mutum yake. In ya ga rana sai ya ƙara haske, in ya ga duhu sai ya rage don kada idon mutum ya yi ciwo. To duk sanda kuka kai hannu kan Mama, tafin hannunku yana rufe shi, shi kuma sai ya ɗauka dare ya yi." Stephen ya karɓi tabulet ɗin da hannu biyu, ya shiga saiti ya kashe aikin idon, ya miƙa masa. "Shi ke nan. Yanzu ku taɓa ta yadda kuke so, ba inda za ta je."

Baba ya ɗora hannu. Ya bar shi a wurin ya daɗe. Mama tana nan garau tana tsince wakenta.

Naomi ta saki ajiyar zuciya. "Oh, Baba! Ashe ɗan abin nan ne ya hana mu sakat wata uku!"

Amma Baba bai yi dariya ba. Ya tsayar da bidiyon, ya cire tabarau ya riƙe a hannu.

"Ke nan ba ita ba ce," ya ce a hankali.

"Wa, Baba?"

"Uwarki. Na ɗauka fushi take yi da ni." Ya girgiza kai. "Dattijon coci guda, ina koya wa mutane Littafi, amma ina zaune ina tunanin matata tana juya min baya daga cikin gilashi. Kunya ta hana ni faɗa wa kowa."

Naomi ta durƙusa gabansa. "Fushin me Mama za ta yi da kai? Wa ya yi jinyarta kamarka?"

"Tana da dalili."

Stephen ya miƙe yana tattara jakarsa. "Baba, bari in ba ku wuri..."

"Zauna. Da kai a ciki."

Baba ya mayar da tabarau. Ya ja bidiyon gaba, ya wuce inda ya saba tsayarwa, ya juya fuskar tabulet ɗin wajen 'yarsa.

Mama ta ture farantin gefe. Dariyar ta bar fuskarta.

"Habila, riƙe abin nan da kyau, da Naomi zan yi magana. Naomi, auta... in na faɗa miki baki da baki kuka za ki yi, ba za ki ji ni ba. Yaron nan Stephen, na yarda da shi. Na ga yadda yake tsayawa a bakin ɗakin asibiti da lemo a hannu, kunya ta hana shi shigowa. Kada ki ce za ki zauna saboda babanki. Ƙafarsa biyu, ya iya dafa shayi, in ya matsu zai koyi tuwo. Ki yi aurenki, 'yata. Habila, kana jina? In ta fara wannan taurin kan nata ka nuna mata."

Daga bayan kyamara muryar Baba ta amsa, "Na ji, Maman Peter."

Bidiyon ya ƙare.

Can maƙwabta wani yana daka, ana jin sautin turmi ɗaya bayan ɗaya.

Naomi ta miƙe tsaye. Hawaye suna zuba, ba ta ko share ba.

"Shekara ɗaya da rabi, Baba..."

"Na sani."

"Kullum ina kwana ina tunanin in na tafi Mama ba za ta yafe min ba! Ashe saƙona yana cinyarka!"

Ta juya ta shige kicin. Ta tsaya gaban murhu ta dafa bango, ba ta san abin da ya kawo ta ba. Haushi take ji, da kewar Mama sabuwa fil kamar jiya aka yi jana'iza, ga kuma wani sanyi a ƙasan zuciyarta da ta kasa ba shi suna.

Ta ji takun silifas a bayanta. Baba bai cika shiga kicin ba, ko lokacin Mama.

"Auta."

Ba ta juyo ba.

"Ba zan ce miki mantuwa na yi ba. Sau uku ina ɗauko shi in nuna miki. Sai in ji motsinki a ɗaki, kina waƙa kina guga, in ce in kika tafi gidan nan ba sauran murya sai tawa. Sai in ce gobe." Ya numfasa. "Tsoro na ji, Naomi. Tsoho da ni, tsoron shiru na ji. Na ci amanar uwarki, na ci taki. Ki yafe min."

Tun da take ba ta taɓa jin mahaifinta ya nemi gafarar wani ɗan Adam ba. Ta juyo. Ya tsufa fiye da yadda take ganinsa kullum, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Ta faɗa ƙirjinsa tana kuka, shi ma yana yi, yana bubbuga bayanta kamar tana 'yar shekara biyar.

"Da ka faɗa min kana tsoro, Baba... da mun ji tsoron tare."

"Na sani, 'yata. Na sani."

Da suka fito Stephen yana nan kan dakali inda aka ce ya zauna, kansa a ƙasa, ruwan da aka ba shi ko kurɓa bai yi ba.

Baba ya koma kujerarsa ya share fuska da hankici.

"Kai, ina za ka ajiye min ita?"

Stephen ya dubi Naomi, ya dubi Baba. "Akwai ɗaki ciki da falo da na kama a Unguwa Uku tun bara, Baba. Adaidaita ɗaya ce daga nan."

"Tun bara?"

"Tun bara, Baba. Ina zuwa in share."

A karo na farko ranar Baba ya yi dariya, har da tari.

"Ƙanwata Maryam ta daɗe tana cewa za ta taso daga Zonkwa ta zauna da ni, ina hana ta saboda surutunta. Gobe bayan sujada zan kira ta." Ya nuna Stephen da hankicin. "Kai kuma ka gaya wa mutanenka ƙofa a buɗe take."

Mako uku bayan nan Kawu Audu ya sauka daga Fankshin da dattawa biyu. Aka sa rana makon farko na Disamba. Gwaggo Maryam ta iso da buhun citta da kaji uku, kafin kwana biyu ta canza wa kowace tukunya mazauni, ita da Baba suna faɗa safe da yamma kan gishirin miya. Naomi tana jin su daga ɗaki tana murmushi.

Ranar auren cocin ya cika, 'yan zumuntar mata sun yi anko sun zauna layin da Mama ta saba zama. Baba ya riƙo hannun Naomi tun daga bakin ƙofa, yana tafiya a hankali kamar ba ya son hanyar ta ƙare.

Fasto ya tambaya, "Wa ya ba da wannan mace a aure?"

Baba Habila ya gyara murya. Ya kamo hannun Stephen ya ɗora na Naomi a ciki, ya haɗa su ya riƙe da nasa biyu.

"Uwarta ce ta bayar tun tuni," ya ce. "Ni ɗan aike ne, na makara a hanya."