Tsaga Shida a Bayan Alhaji Babayo

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Liang waya daga asibiti: an kawo wani tsoho daga Xiaobei, unguwar baƙi 'yan kasuwa, jini na zuba a bayansa, ya ƙi tsayawa. Liang aka tura, domin ya karanci Hausa a jami'a, yana jin ta kamar jakin Kano.

Alhaji Babayo ne, ɗan kasuwar takalma, shekara saba'in da huɗu. A ƙofar ɗakinsa Najiba take tsaye, ɗalibar likitanci da ke kula da magungunansa.

"Yana shan sabon maganin tsinka jini saboda zuciya," ta ce. "An danne ciwon, ana ƙara masa jini. Likitoci na son sanin sa'ar da ya sha ƙwayar ƙarshe kafin su ba shi makari. In an yi jinkiri, zai tafi."

"Wa ke tare da shi?"

"Baba Ilu, wanzaminsa. Tare suka zo daga Kano."

Ilu na zaune a benci, ya haɗe rai, ko kallon yarinyar ba ya son yi.

"Wurin masu tausa na ƙasan bene ya je, suka kafa masa kofuna," ya ce. "Ni ina ruwana? Ai yana da likitarsa."

Liang ya shiga, ya duba bayan tsohon, ya fito.

"Malam Ilu, masu tausar nan zuƙa kawai suke yi, ba sa yanka fata. Ni kuwa tsaga shida na ƙirga, a jere. Wannan ƙaho ne."

Sai Ilu ya fashe, kishin da ke cinsa ya fito fili.

"Shekara arba'in ni ke cire masa mataccen jini! Yau komai sai 'Najiba ta ce, Najiba ta hana.' Sa'ar 'yar cikina! Na so ya warke a hannuna ya gani."

"Ta gaya maka kada a tsaga shi?"

"Ta gaya mini."

"Ƙarfe nawa ya sha ƙwayar?"

"Bakwai. Da hannuna na ba shi."

Najiba ta ruga ciki.

La'asar ta yi kafin jinin ya tsaya. Ana shirin tafiya da Ilu ofishin 'yan sanda, ya waiwayo.

"Da ya farfaɗo, wa ya fara kira?"

Najiba ta share hawaye.

"Kai ya kira, Baba."