Gaurakar Tafkin Marke

Ku matso kusa. Shafa, rage fitilar nan. Mudi, kai kuma daina washe baki, ɗazu da la'asar na gan ka kana kwaikwayon tafiyar Baba Jatau, har da dogara kara. Raina ya ɓaci, amma na bar ka har dare ya yi. Yanzu za ka ji ko wane ne tsohon da kake wa dariya.

Baba Jatau maharbi ne. A zamaninsa babu kamarsa a duk yankin nan. Lokacin Tafkin Marke cike yake da tsuntsu, dinya da kirinjijiya da zalɓe, in suka tashi sai rana ta dushe. Akwai kuma gauraki, dogayen nan masu tukku kamar zinariya a ka. Ku ba ku taɓa ganinsu ba, an kame su an kai gidajen masu hali, sauran sun yi gaba.

Maharban garin nan suna da ƙa'ida a kan gauraka. Ba a harbinta. Biyu-biyu suke rayuwa, miji da mata, har mutuwa. In tsautsayi ya sa ka kashe ɗaya, to dole ka tsaya ka kashe ɗayar. Ba a barin guda ita kaɗai. Duk ɗan maharbi da wannan ake fara masa karatu.

Matarsa sunanta Yalwa. Kakarmu ta san ta, ta ce ko ruwa Jatau zai sha sai ya rage mata. Shekararsu bakwai tare, ciwon ƙirji ya kwantar da ita. Aka yi jiƙo, aka yi turare, shiru. Sai wani mai magani ya ce a samo ɓargon ƙafar gauraka a shafa mata.

Yalwa ta ji. Ta kama bakin rigarsa.

"Maigida, kada ka taɓa su."

"Ki kwanta."

"Ka zauna kusa da ni. Shi kawai nake so."

Ya ce to. Da asuba tana barci ya zare rigarsa daga hannunta, ya ɗauki bindiga ya fita. Bai gaya wa kowa ba, don ya san babu maharbin da zai raka shi wannan aiki.

Da hantsi ya same su a gabar tafkin ta gabas. Su biyu. Suna rawar nan tasu, ɗaya ya yi tsalle ya buɗe fiffike, ɗayar ta sunkuya masa. Jatau ya durƙusa cikin ciyawa. Ya saita namijin.

Namijin ya faɗi.

Bindigar harba-ka-ruga ce, harbi ɗaya take yi sai an sake ɗura ta. Jatau ya zuba albarushi, yana dannawa, yana kallon macen. Duk tsuntsun tafkin ya watse, ita ba ta tashi ba. Ta zagaya mijin. Ta sa baki ta ɗaga wuyansa, wuyan ya koma ƙasa. Ta sake ɗagawa.

Jatau ya gama ɗuri, amma bai ɗaga bindigar ba. Ya tuna wadda ya baro a gida. Ya ce a ransa, wannan kam ba zan iya ba, ta je ta rayu. Ya kore ta da hula, ya cusa namijin a burgami, jakarsa ta fata, ya kama hanya.

"Ai ya kyauta, Yaya."

Haka shi ma ya zata, Shafa. Yi shiru ki ji.

Rana ta take tsaka lokacin da ya iso mashigin da ke ƙarƙashin marken nan. Kun san wurin. Iska ta tsaya. Kwaɗi sun yi tsit. A cikin laka ya ga sawu, yatsu uku dogaye, kowane sawu ya kai tafin hannunsa biyu. Sawun ya bi hanya ya shiga ruwa.

A cikin ruwan wata mace ce tsaye. Doguwa, siririya, da zane ruwan toka da ɗankwali rawaya. Ruwan bai wuce idon sawu ba. Ƙafa ɗaya kawai ya gani a ciki.

"Sannu da rana, maharbi."

Muryar a shaƙe take, kamar daga cikin tulu.

"Yauwa, baiwar Allah."

"Jakarka na ɗiga."

"Nama ne."

"Na sani. Damina goma sha tara ni da shi muna kwana a reshe ɗaya."

Jatau ya ja da baya. Matar ta sauke ɗayar ƙafar daga cikin zane. Da ta tako, gwiwarta baya ta lanƙwashe.

"Wa ya koya maka harbi?"

"Mahaifina."

"Bai gaya maka ƙa'ida ba?"

"Ya gaya mini."

"To bindigarka a ɗure take. Ga ni."

Ta tsaya a gabansa, ta ɗaga haɓa. Idonta jawur, amma babu fushi a ciki, kuma wannan ne ya fi tsorata shi. Ya ɗaga bindigar. Ya sauke.

"Ba zan iya ba."

"Don me?"

"Tausayi."



"Tausayi," ta ce. "To, wanda ya yi alheri ana ba shi tukuici."

Ta sa hannu ƙarƙashin ɗankwalin, ta tsinko wani siririn gashi mai ƙyalli, ta ɗora masa a tafin hannu. Yatsunta sanyi ƙalau.

"Ciwo ba zai kama ka ba. Maciji zai kauce maka, ruwa ba zai ci ka ba. Za ka daɗe, Jatau. Za ka daɗe ƙwarai."

Kun san abin da ke sa ni kuka a labarin nan? Godiya ya yi mata. Har ƙasa ya durƙusa ya ce ya gode. Da ya ɗago babu kowa, sai ruwa yana motsi.

Da gudu ya iso gari, zuciyarsa fal murna. Ga ɓargo, ga kuma gashin tsari da zai ɗaura wa Yalwa. Tun daga bakin kasuwa ya ga mutane suna kawar da kai. A ƙofar gidansa an shimfiɗa tabarmi.

Yayar Yalwa ce ta tare shi a zaure.

"Ina ka shiga, Jatau? Tun da ta farka take kiranka. Da rana ta take ta ce a duba mata hanya ko kana tafe. Kafin in dawo ta cika."

Shekararsa talatin da biyu a lokacin. Ya jefa gashin a murhu, da safe ya tsince shi a aljihu. Ya jefa a rijiya, ya dawo. Rai dai na Allah ne, ni ban ce komai ba. Amma sa'o'insa duk sun tafi. Ƙannensa sun tafi, 'ya'yan ƙannensa ma ya raka su makwanci. Shekarar da amai da gudawa ya shiga garin nan, shi ya yi ta haƙa kabari, ko ciwon kai bai yi ba. Bai sake aure ba, bai sake taɓa bindiga ba.

Inda kuke ganin yana zuwa kullum da rana tsaka, yana jan ƙafa, mashigin nan ne. Zuwa yake ya mayar wa gaurakar da gashinta. Ba ta sake fito masa ba.

Bara da damina Inna ta aike ni in kai masa fura. Na same shi a zaure ya karkata kai yana saurare. Can daga wajen tafki na ji kuka, a shaƙe, sau ɗaya. Babu wanda ya amsa.

"Kin ji ta?" ya ce mini. "Ita ma tana nan, jikata. Ni na bar ta."

Ya karɓi furar, ya sha rabi, ya ajiye sauran a gefensa ya rufe da faifai. Ban tambaye shi na wa ba.

Mudi, goge idonka. Gobe in ka gan shi ka durƙusa ka gaishe shi.

Kuma ku ji ni da kyau. Duk wanda aka aika ta Tafkin Marke, ko da rana kiri-kiri ne, kada ya bi mashigin nan shi kaɗai. In ban da Baba Jatau, mai tafiya shi kaɗai take tarewa, ta tambaye shi ina nasa abokin rayuwar. Ku nemi abokin tafiya. Mutum biyu ba ta taɓa tsayar da su ba. Tsayawa kawai take daga nesa, a kan ƙafa ɗaya, tana kallonsu har su ɓace.