Kafireton Motar Alhaji Munzali

Da aka sauko daga masallacin Juma'a, Sadiq bai ko shiga cikin gida ba. Kai tsaye ya wuce rumfar kwanon da ke farfajiyar gidansu a Tudun Wada, inda tsohuwar Landiroba ta marigayi mahaifinsu take, ya murza makulli. Inji ya yi ta juyi, ya ƙi kamawa. Ya ɗaga bonet. Kafireto babu shi, an kwance.

Wata goma sha huɗu suka yi a kan motar nan, shi da ƙanensa Jamil da ƙanwarsu Zakiyya. Sun kankare tsatsa, sun sake fenti, sun ɗaga ta da sabbin sifirin da manyan tayoyi. Kafireton kuwa sai da aka karaɗe kasuwar Panteka ta Kaduna kafin a samo irinsa. Jiya Alhamis ta tashi karo na farko, har maƙwabta suka leƙo. Gobe Asabar ce ranar da suka sa za su tafi gonar mahaifinsu can gaba da Wushishi, a hanyar da ƙaramar mota ba ta bi. A wannan hanyar 'yan bindiga suka harbe Alhaji Munzali cikin wannan motar, shekara huɗu da suka wuce.

Kafin la'asar, Sadiq ya sa 'yan sanda sun kai Oga Julius, bakaniken mahaifinsu da ke taya su aikin motar, bayan kanta.

Sufeto Margaret Shekwolo ce aka miƙa wa binciken. Haifaffiyar Limawa ce, shekararta ashirin a ɗamara, kuma ba ta da haƙuri da mai ƙarar da ya zo da hukuncinsa a aljihu.

"Ranki ya daɗe, ai lissafin a fili yake," in ji Sadiq. "Duk namijin da ke layinmu yana masallaci. Shi kaɗai ne ba ya zuwa, kuma yana da makullin get."

"Ka gan shi da idonka?"

"Sai na gani?"

Ta bar shi tsaye, ta shiga wajen Julius. Dogon dattijo ne, furfura ta ci kansa, an karɓe masa takalmi da bel. Shekara talatin yana bakanikanci, shi ne ya koya wa yaran yadda ake riƙe sifana. Abin ya sosa mata rai, ganin tsoho yana riƙe da wandonsa da hannu don kada ya zame.

"Ina kake tsakanin ƙarfe ɗaya da biyu da rabi?"

"Gareji, Madam. Ni kaɗai, yara duka sun tafi salla."

"Ba mai shaida ke nan."

"Babu." Ya gyara riƙon wandonsa. "Madam, ni da Alhaji shekara ashirin da biyar. Ranar da aka kashe shi, ni na shiga daji na jawo motan nan da igiya. Yau ni ne ɓarawo? In wannan magana ya fita, wa zai sake ba ni makullin motansa a garin Minna?"

Gaskiyarsa ce. Bakanike ba shi da jarin da ya wuce amana, kuma kwana ɗaya a sel ya isa ya rushe ta.

Margaret ta hau a-daidaita-sahu sai Tudun Wada. Ta hana kowa matsowa, ta zagaya motar sau biyu. Ga sabon batir a ɗaure, ga jak, ga tayar sifiya ko ƙasa ba ta taɓa ba.

"Wa kuke zargi bayan Julius?" ta tambayi Jamil.

"Akwai Ɗanladi, mai sayen gwangwan. Ya sha taya motar nan tun tana kwance."

Aka kira Ɗanladi. Ya rantse a sahu ɗaya suka yi salla da Jamil, Jamil ya ɗan yi tunani ya ce haka ne. Ɗanladi ya leƙa cikin inji ya yi tsaki.

"Hajiya 'yar sanda, ni da kilo nake saye. In zan ɗauka, in bar batir in tsaya kwance wannan ɗan abin? Haba!"

Ta sallame shi. Zakiyya kuma tana wajen aikinta a asibiti tun safe, sai la'asar ta dawo, ga waya an buga an tabbatar.

Sai Margaret ta sunkuya cikin injin da kyau. Ita doguwa ce, amma sai da ta yi ɗage, don sabbin tayoyin sun ɗaga motar sosai. Abu uku ta gani. An toshe ramin da kafireton ya bari da tsumma mai tsabta. An lanƙwasa tiyon fetur an ɗaure bakinsa da zare. Notunan da aka kwance kuwa, an mayar da kowanne kan ƙusarsa, an murza shi har sau biyu ko uku.

"Julius in ya kwance noti, ina yake sawa?"

"Cikin gwangwanin madara," in ji Zakiyya. "Ga shi can."

"To wa ke mayar da noti mazauninsa?"

Yaran suka dubi juna. Jamil ne ya amsa, murya ƙasa-ƙasa. "Baba ne kaɗai yake haka. Ya ce notin da ya koma gidansa ba ya ɓata."

"Akwatin sifanunsa yana ina?"

"Ɗakin Umma. Ba ta bari a taɓa shi."

Margaret ta duƙa gefen tayar gaba. A kan ƙasar da baƙin mai ya jiƙa akwai shatin da'ira, faɗinta kamar na faifai, ta nutse sosai. Ta ɗaga kai ta hango turmi a jingine a bakin ƙofar cikin gida, bakinsa da baƙin mai.

"Ku jira ni a nan," ta ce.

Ta yi sallama ta shiga. Hajiya Zulaiha, mahaifiyarsu, tana zaune a kan darduma, gajeriyar mace, carbi a hannu. Idanunta sun kumbura. A gaɓar yatsanta na dama akwai sabon ƙujewa.

"Mama, sannu da gida."

"Yauwa, 'yata. Zauna."

"Mama, kin iya gyaran mota?"

Carbin ya tsaya a hannun Hajiya.

"Kafin a haifi Sadiq," ta ce, "shekara shida muna gona ni da Alhaji, mu biyu. In ta lalace a daji, wa zai riƙe masa sifana? Tun ina miƙo masa har na koma ina kwancewa. Yaran nan ba su sani ba. Sun buɗe ido sun gan ni a madafi."

"Kin kife turmi kin hau."

"Sun ɗaga ta da yawa. A da daga ƙasa nake kaiwa."

Ta tashi ta buɗe kabad, ta sauko da wata babbar kwalla. A ciki ga kafireton, naɗe cikin tsohuwar rigar mijinta.

"Mama, don me?"

"Na zaci ba za ta tashi ba. Wallahi na zaci ba za ta tashi ba! Na bar su suna yi don na ga yana rage musu kewar ubansu. Jiya da na ji kukan injin nan, sai da na dafa bango. Na ce wa Sadiq kada su je, ya ce Umma ai hanya ta yi lafiya. Haka ubansa ya ce mini." Ta share ido da gefen mayafi. "Na so in hana su gobe kaɗai, in samu in yi tunani. Ban san za su taɓa Julius ba. Da na ji, kunya ta ɗaure mini baki. Allah Ya yafe mini."

"Mama, tsoho yana can ba takalmi. Bakinki ne kaɗai zai fito da shi da mutuncinsa."

Hajiya ta ɗauki kwallar da kanta.

Margaret ta buga waya aka kawo Julius. A gaban motar, a gaban maƙwabtan da suka ga an tafi da shi, ta yi bayani a taƙaice.

"Ɓarawo ba ya toshe inji don kada ƙasa ta shiga. Ba ya ɗaure tiyo don kada fetur ya zube. Wanda ya yi wannan yana son motar, tashinta ne ba ya so. Ya koyi aiki a hannun Alhaji, kuma gajere ne, sai da ya taka turmi. Kai kuma, Malam Sadiq, ka ƙirga mazan da ke masallaci, ka manta akwai wanda yake cikin gida."

Hajiya ta ajiye kwallar a kan bonet ta buɗe.

"Umma?" in ji Sadiq. "Ke?"

"Ni ce." Ta nuna kujerar direba, wadda Zakiyya ta yi wa sabuwar riga. "Ranar da aka dawo da motar nan, ni na wanke kujerar can. Bokiti bakwai na zubar. Ba ku gani ba, don ban bari kun gani ba. Ba zan sake wanke ta ba, Sadiq. Ba zan iya ba."

Zakiyya ta fashe da kuka. Sadiq ya juya ya durƙusa a gaban Julius, gwiwa biyu a cikin baƙin mai.

"Baba Julius, na zalunce ka. Ka yafe mini."

Julius ya kama kafaɗarsa ya ɗaga shi, amma ba shi yake kallo ba.

"Hajiya," ya ce, "da kin gaya mini, ai ni zan kwance miki shi. Ni ma na ga kujeran nan ranar."

Sadiq ya ɗauki kafireton, ya juya shi a hannu, ya dubi ramin da ke jiransa a cikin inji. Sai ya sake naɗe shi cikin rigar mahaifinsa, ya mayar cikin kwallar, ya rufe, ya miƙa wa mahaifiyarsa da hannu biyu.

"Ki ajiye, Umma. Ranar da kika yarda, ke za ki ɗaura shi."

Margaret ta rufe littafinta. Jamil ya sauke bonet a hankali, ya ɗauki turmin ya mayar cikin gida.