Tsohuwar da ta Zo Neman Jini

Ku matso, ku rage murya. Yaya Tasalla ce ta ba mu wannan, kuma ko murmushi ba ta yi ba.

A gidan binciken dabbobi na bayan gari, inda likitoci ke gwada hanyoyin ceton dabbar da jini ya ƙare mata, akwai wata ma'aikaciya, Lantana. Ita ta raini Gwarzo, ragon da ake ɗibar jininsa a ƙara wa 'yan'uwansa.

Wata Juma'a, rana tsaka, maza sun tafi masallaci. Sai ga wata tsohuwa a bakin ƙofa, rungume da 'yar tunkiya, jini na ɗiga. Ba sallama.

"Yarinya, jini."

"Iya, wa ya buɗe miki ƙofar waje?"

Tsohuwar ta shimfiɗe tunkiyar a kan tebur.

Lantana ta ɗaure raunin. Ta ɗaga leɓen tunkiyar, dasashi fari fat, kunnuwa sanyi ƙalau. Ta ɗebi jini leda ɗaya a wuyan Gwarzo, ta rataya wa tunkiyar. Kafin ta juyo, ledar ta shanye.

"Ƙara."

Ta ƙara rabi, ranta bai so ba. Ƙafafun Gwarzo suka fara rawa. Sai ta lura: ɗakin cike da ƙuda, amma ko ɗaya bai sauka kan jinin da ke ƙasa ba.

"Ƙara."

"Iya, in na ƙara, mutuwa zai yi."

"To, naki ma zai yi."

Tsohuwar ta kama mata hannu. Yatsun Lantana, bisa sabo, suka laluba wuyan hannun tsohuwar. Ba abin da ke bugawa. Ta saci kallon ƙasa. Ƙafar tsohuwar, kofato.

Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Bari in sa mata ruwa tukuna, haka ƙa'ida take." Ta sauko da ledar ƙarin ruwa, ta yi bisimillar da gaggawa ta mantar da ita tun farko.

"Wane ruwa ne wannan?"

"Na gishiri."

Ta runtse ido, ta fasa ledar a kan teburin.

Da ta buɗe ido, ba tsohuwa, ba tunkiya. Sai tsumman ɗauri, ƙullinsa bai kwance ba.

Gwarzo ta ruga ta sa wa ruwa, ta zauna riƙe da kansa har likita ya dawo. Ya rayu. Amma har ya tsufa, ba a sake samun jijiyar wuyansa ba.

Saboda haka, wanda ya zo muku da gaggawa ba sallama, ku fara duba ƙafarsa. Kuma kada ku yarda a bar ku ku kaɗai a ɗakin nan ranar Juma'a.