Kaza a Bakin Bututu

Da hantsi rahoto ya iso wa Sufeto Nicanor Zárate: an sace injin tura ruwa na ƙauyen Santa Rita, wanda gwamnati ta biya kuɗinsa bara. Kafin ya isa har an kulle maigadi, tsoho Melitón, ana shirin miƙa shi kotu.

Shugaban kwamitin ruwa, Don Hilario, ya rantse da kabarin uwarsa cewa har jiya injin na aiki.

Sufeto ya leƙa ɗakin injin, warin kashin kaji ya buge shi. A bakin babban bututun, kaza ce kwance a sheƙarta da 'yan tsakinta, ga ɓawon ƙwai a gefe.

Daga nan ya haura unguwar tudu. Ya tarar da wata tsohuwa, Doña Chabela, tana tace ruwan kududdufi da mayafinta, jikarta kwance da gudawa. Ta ce kullum shugaba na gaya musu layin ruwa yana kan 'yan gangare.

"Matsiyatan nan suke shanye mana, yallaɓai."

A gangare ma zancen ke nan, wai 'yan tudu sun danne. Unguwannin biyu ko gaisuwa ba sa yi tun rigimar bikin waliyyin gari, don haka ba wanda ya taɓa tambayar wani. Mai ɗan hali a cikinsu kuwa, tankar Don Hilario ke sayar masa da ruwa. Ƙyamar mutumin ta cika Sufeto har wuya.

Ya kira shi gaban jama'a.

"Jiya ruwa ya bi ta bututun nan?"

"Ƙwarai, yallaɓai."

"Ashe kajinku a dare ɗaya suke ƙyanƙyasa?"

Nan Don Hilario ya amayar da komai. Aron injin ya yi wurin surukinsa ranar bikin buɗewa, aka ɗauki hoto, washegari ya mayar. Da kuɗin gwamnatin ya sayi tanka. Da ya ji masu binciken gwamnati na tafe, sai ya laƙaba wa tsohon sata.

Aka saki Melitón, ankwa ta koma hannun mai ita. Ana jan Don Hilario zuwa mota ya ce maƙoshinsa ya bushe. Doña Chabela ta miƙo masa kofin ruwan kududdufin, ya kau da kai.

"Sha mana, shugaba," in ji Sufeto. "Yau layi ya zo kanka."