Matar da Ke Ɗakin Injuna

Rana ta kusa faɗuwa Oga ya aike ni rumbun ajiyarmu da ke bayan gari. Aikina tsaron bayanai ne. Idan bala'i ya afka wa kwamfutocin kamfani, abu biyu muke aunawa: tsawon lokacin da aiki zai ɗauka kafin ya dawo, da yawan bayanan da za mu iya jure rasawa. Washegari masu bincike za su zo, Oga kuwa yana son lambobi masu kyau.

"Je ki gwada ki dawo," in ji shi. "In kin haɗu da aljanun masu gadi, ki ce ina gaisuwa."

Ya ƙyalƙyale da dariya. Tun da aka gina wurin, babu mai gadin da ya taɓa daɗewa.

Na isa gari ya fara duhu. Ɗakin injuna sanyi ƙalau, fankoki na ƙugi, ƙananan fitilu kore na ƙyaftawa. Na ja kujera na fara gwajin dawo da bayanai.

Sai na ji ƙauri. Ba na wayar lantarki ba. Ƙaurin gashi ne da kwalta.

Fankokin suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

A tsakanin akwatunan ƙarfe na hangi wata mata a tsugune. Ta ba ni baya, tana jijjiga zanin goyo. Babu kowa a cikin zanin.

"Sannu da aiki, 'yata," ta ce a hankali. "Me kike aunawa?"

Bakina ya amsa ba da son raina ba. "Abin da za mu iya jure rasawa, Inna."

"Nawa ne?"

"Oga ya ce aikin awa ɗaya. Fiye da haka ba za mu iya ba."

"Ni fa? Wa ya auna mini?"

Ta juyo. Rabin fuskarta a ƙone, baƙar kwalta na ɗiga daga haɓarta.

"Ƙarƙashin kujerar nan gidana yake. Mai haƙa harsashi ya gaya wa Oganki ya ji kukan jariri a rami. Ogan ya ce lokaci ya ƙure, a zuba kwalta a rufe." Ta ɗaga zanin. "Ɗana na cikin ramin."

"Wallahi Inna, lokacin ban fara aiki ba."

"Na sani. Shi ya sa za ki fita da ƙafarki. Nuna mini yadda kuke mayar da abu baya."

Hannunta ya sauka a kan nawa. Zafi kamar garwashi.

Na dubi allon kwamfutar. Inda sunan bayanan kamfani yake, sunan Oga ne. A ƙasansa, ranar da aka zuba harsashin ginin, shekara uku baya.

Ta danna da yatsana.

Na kwasa a guje. Takalmina ma can na bar shi.

Da safe Oga ya shigo ofis yana faɗa, wai har yanzu ba a kawo simintin ginin rumbun ba. Ya kalle ni sama da ƙasa. "Ke kuma wace ce?"

Aka kira matarsa. Ta zo da 'yarsu, 'yar shekara biyu, wadda ya yi shekaru yana roƙon Allah kafin ya samu. Yarinyar ta ruga ta rungume ƙafarsa tana "Baba! Baba!"

Ya ja da baya. "'Yar wane ne wannan? Ku ɗauke ta mana."

Likitoci ba su ga komai ba. Kullum da safe sai a zaunar da shi a gaya masa 'yarsa ce, ya rungume yarinyar yana kuka. Rana na faɗuwa ya manta, ya ture ta.

Na ajiye aikin. Tabon yatsu biyar na nan a bayan hannuna. Rannan matar Oga ta same ni har gida, idonta ya yi ja.

"Ƙanwata, ke kika san aikin nan. An ce duk abin da ya ɓace kuna da ajiyarsa. Yaushe zai dawo?"

Na rufe hannuna da mayafi. A ƙofar ɗaki, bayanta, na ji ƙaurin kwalta.